Ƙuri'ar Wanda Ya Shiga Gidan Yari: Bayani Ga Hakimai da Malamansu na Ƙasar Isa da Sabon Birni

Duk sa'ad da Hukumar Zaɓe ta buɗe rajista, ko ta liƙa sunayen masu jefa ƙuri'a don jama'a su duba, akwai wata tambaya da ta kan iso zauren hakimi tun ba ta kai ofishin Hukumar ba. Tambayar ita ce, shin mutumin da alƙali ya taɓa ɗaurewa yana da ƙuri'a, ko kuwa ɗaurin ya cinye ta? Wani lokaci shi wanda aka ɗaure ɗin ne ya kan zo da kansa, ya durƙusa a gefe ya tambayi malamin hakimi a asirce. Wani lokaci kuma maƙwabcinsa ne, ko wakilin wata jam'iyya, ya ke neman a soke sunansa. An shirya wannan bayani domin hakimai da malamansu su san amsar da doka ta bayar, kada su amsa da abin da a ke ji a kasuwa.

Tun da fari tilas a rarrabe mutum uku waɗanda jama'a su kan haɗa a suna ɗaya. Akwai wanda ya gama kwanakin ɗaurinsa ya komo gida. Akwai wanda ya ke tsare yana jiran shari'a, ba a tabbatar masa da laifi ba tukuna. Sa'an nan akwai wanda aka yanke wa hukunci, yana cikin cin kwanakinsa. Na farkon shi ne hakimi zai fi gamuwa da shi, al'amarinsa kuwa babu duhu a ciki: yana da ƙuri'a kamar kowa.

ABIN DA DOKA TA CE

Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 77 da na 117, ya ce ko wane ɗan ƙasa da ya cika shekara 18, wanda kuma ya ke zaune a Nijeriya lokacin rajista, yana da haƙƙin a rubuta sunansa cikin masu zaɓen majalisa. Sashe na 132 da na 178 suka ƙara da cewa wanda ya ke cikin wannan rajista shi ne zai zaɓi Shugaban Ƙasa da Gwamna. A cikin sassan nan huɗu babu inda aka ambaci ɗauri, ko tara, ko bulala.

Dokar Zaɓe ta 2022, a sashe na 12, ta jera sharuɗɗa biyar: mutum ya zama ɗan ƙasa, ya cika shekara 18, ya zama mazaunin ƙaramar hukumar ko mazaɓar, ko mai aiki a can, ko ɗan asalinta, ya kai kansa gaban malamin rajista, sa'an nan kada ya zama akwai wata doka da ta hana shi jefa ƙuri'a. Wannan sharaɗi na biyar shi ne masu neman a soke sunan wani su kan riƙe. To, amma ba ya isa mutum ya ce wai doka ta hana. Sai ya nuna dokar, ya nuna sashenta. Game da wanda ya gama ɗaurinsa ya fito, Tsarin Mulki bai kafa masa wani shinge ba, ko laifinsa babba ne ko ƙarami, ko majistare ne ya ɗaure shi ko alƙalin kotun shari'ar Musulunci.

A lura kuma, rarraba laifuffuka zuwa babba da matsakaici da ƙarami tsarin dokar laifuffuka ta Kudu ne, inda babban laifi ya ke nufin wanda hukuncinsa kisa ne ko ɗaurin shekara 3 ko fiye. Dokar laifuffuka ta Arewa, wadda ta fara aiki ran 30 ga Satumba 1960, ba ta bi wannan rabo ba. Ko ta wace hanya aka bi dai, girman laifin da mutum ya riga ya biya bai shafi rajistarsa ba.

INDA RUƊANIN YA FITO

Ba abin mamaki ba ne dattawa su zaci akasin haka, domin sun ga zamanin da ƙuri'a ba ta kowa ba ce. A zaɓen 1951 maza baligai masu biyan haraji ne su ke zaɓe a matakin farko, waɗanda suka zaɓa su taru su zaɓi wasu, haka har a kai Majalisar Kaduna. A lokacin littafin haraji da ke hannun malamin hakimi shi ne shaidar wanda ya isa. Ran 12 ga Disamba 1959 aka yi zaɓen Tarayya na kai tsaye a asirce, ko wace jam'iyya da akwatinta, mai fartanya da mai tauraro da sauransu, amma na maza ne kaɗai waɗanda suka cika shekara 21. Matan Arewa ba su sami ƙuri'a ba sai 1976, shekarun kuma ba a sauko da su zuwa 18 ba sai a Tsarin Mulkin 1979. Har wa yau gidan yari kansa na En'e ne a wancan zamani, a ƙarƙashin Yari, sai a 1968 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi. Watau hukuma ɗaya ce ta ke rubuta haraji, ta ke shari'a, ta ke ɗaurewa, ta ke kuma tsayawa a kan zaɓe. Wanda ya tashi cikin wannan tsari dole ya ɗauka wanda hukuma ta ɗaure ya fita daga lissafi.

Dalili na biyu na kan iyaka ne, ya kuwa shafi ƙasar Gobir fiye da sauran wurare. Tun bayan faɗuwar Alkalawa a 1808 da kafa Tibiri, Gobirawa suka rabu gida biyu, daga baya iyakar Turawa ta ratsa tsakaninsu. Dangi ɗaya ne, kasuwa ɗaya, amma doka biyu. Dokar zaɓen Nijar, yadda ta ke kafin juyin mulkin 2023, ta hana a rubuta sunan wanda aka yanke wa ɗaurin shekara ɗaya ko fiye, muddin ba a wanke shi ba. Da wannan sashe ne Kotun Tsarin Mulki ta Nijar ta ƙi takarar Hama Amadu a watan Nuwamba 2020, sabo da ɗaurin shekara ɗaya da aka yanke masa a 2017. Labarin ya bazu a rediyo, an ji shi a Sabon Birni kamar yadda aka ji shi a Maraɗi. Wanda ya ji daga ɗan'uwansa na Tibiri cewa ɗauri yana soke suna, gaskiya aka gaya masa, sai dai gaskiyar wancan ƙetaren ce.

Wasu kuma su kan kawo hujja daga fiƙihu, su ce ai ƙuri'a shaida ce, shaidar fasiƙi kuwa ba a karɓarta. Wannan magana ce ta malamai, Hukumar Zaɓe ba ta aiki da ita. Duk da haka ya kamata mai kawo ta ya ƙarasa karatun. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ko wane almajirin fiƙihu a ƙasar nan ya sani, ta nuna cewa wanda aka yi wa haddi in ya tuba a kan karɓi shaidarsa, sai dai a irin laifin da aka yi masa haddi a kansa.

JEFA ƘURI'A DABAM, TSAYAWA TAKARA DABAM

Dalili na uku ya fi sauran ƙarfi, domin akwai doka a bayansa, amma an ɗora ta inda ba nan ne wurinta ba. Tsarin Mulki ya hana wasu masu laifi tsayawa takara. Sashe na 66 ya shafi Majalisar Tarayya, na 107 Majalisar Jiha, na 137 Shugaban Ƙasa, na 182 Gwamna. Duka sun hana wanda hukuncin kisa ya ke kansa, da wanda ya ke ƙarƙashin hukuncin ɗauri sabo da laifin rashin gaskiya ko zamba. Sun kuma hana wanda aka yanke wa hukunci a kan laifin rashin gaskiya, ko aka same shi da saɓa ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata, in shekara 10 ba su cika ba kafin ranar zaɓen.

Misali, a ɗauki wani ɗan kasuwa na Isa da aka ɗaure shekara biyu sabo da zamba, ya fito bara. In yana son kujerar Majalisar Wakilai ta Isa da Sabon Birni, tilas ya jira shekara 10 su cika daga ranar hukuncin, sai fa in Gwamna ko Shugaban Ƙasa ya yi masa afuwa bisa ikon da sashe na 212 ko na 175 ya ba su. Amma in niyyarsa ya shiga layi ne ya zaɓi wani, ba ya jiran ko kwana ɗaya. Masu rubuta Tsarin Mulki sun san yadda a ke hana mai laifi abu, sun kuwa rubuta shi filla-filla a wajen takara. Shirun da suka yi a wajen ƙuri'a ba mantuwa ba ne.

Tarihin ƙasar nan ma ya nuna ɗauri ba ya rufe wa mutum ƙofar siyasa har abada. An ɗaure Obafemi Awolowo shekara 10 a 1963, aka sake shi a 1966, ya nemi shugabancin ƙasa a 1979 da 1983. An ɗaure Olusegun Obasanjo a 1995, aka sake shi a 1998 aka yi masa afuwa, aka zaɓe shi a 1999. A 2003 kuwa Iyiola Omisore ya ci kujerar Majalisar Dattawa yana tsare yana jiran shari'a, daga baya kotu ta sallame shi. Abin lura a nan shi ne, dubban mutane sun zaɓe shi, shi kuwa bai sami hanyar zaɓen kansa ba.

WAƊANDA KE CIKI

A nan ne al'amarin ya ke da sarƙaƙiya. Wasu fursunoni biyar masu jiran shari'a sun kai Hukumar Zaɓe da shugaban gidajen yari ƙara a Babbar Kotun Tarayya ta Benin, a madadin kansu da sauran fursunonin ƙasa. A watan Disamba 2014 kotun ta yanke cewa suna da haƙƙin jefa ƙuri'a, hana su kuwa ya saɓa wa Tsarin Mulki. A watan Disamba 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Benin ta ƙarfafa wannan haƙƙi. Duk da haka aka yi babban zaɓen 2019 da na 2023 ba a kai akwati ko ɗaya cikin gidan yari ba.

Sababin haka shi ne yadda aka gina zaɓen Nijeriya. Mai zaɓe tilas ya zo da ƙafarsa rumfar da aka rubuta shi, da katinsa, na'ura ta duba yatsansa ko fuskarsa. Babu aika ƙuri'a ta gidan waya, babu wakilci. Sabo da haka wanda ƙofa ta ke rufe a kansa ranar zaɓe ya rasa ƙuri'arsa ko da babu dokar da ta ƙwace ta. Yawan mutanen kuwa ba kaɗan ba ne. A watan Agusta 2025 shugaban Hukumar Gidajen Gyaran Hali, watau sunan da aka ba hukumar gidajen yari tun 2019, ya shaida wa Hukumar Zaɓe cewa waɗanda ke tsare sun haura 80,000, wajen kashi biyu cikin uku nasu kuwa jiran shari'a su ke yi. Waɗannan, bisa sashe na 36 na Tsarin Mulki, marasa laifi ne har ranar da kotu ta ce akasin haka. A wannan zama shugaban Hukumar Zaɓe na lokacin, Farfesa Mahmud Yakubu, ya yarda da haƙƙin, amma ya ce akwai bukatar Majalisar Tarayya ta fayyace sharaɗin nan na biyar, a san matsayin wanda aka yanke wa kisa ko ɗaurin rai da rai.

Wahalolin aikin na gaske ne, bai kamata a raina su ba. Mutumin Gatawa da ke tsare a gidan yarin Sakkwato, ina za a ƙidaya ƙuri'arsa, a Sakkwato ko a Sabon Birni? Ta yaya 'yan takara za su isar masa da manufofinsu? Wakilan jam'iyyu da masu sa ido za su shiga? Mafi nauyi duka, mutumin da abincinsa da barcinsa su ke hannun gandiroba, wa zai tabbatar ƙuri'arsa tasa ce? Amma kuma ba a ce abin ya gagara ba. A 2015 an shirya wa 'yan gudun hijira na Borno da Yobe da Adamawa wuraren zaɓe, a 2021 kuma Hukumar ta ƙara rumfunan zaɓe daga 119,974 zuwa 176,846. Hukumar da ta iya wannan ba za ta kasa kai akwati gida mai katanga da rajistar mazauna ba, in an ba ta doka bayyananniya.

Sauran ƙasashe kowace da hanyar da ta bi. Kotun Tsarin Mulki ta Afirka ta Kudu ta tabbatar wa fursunoni ƙuri'a a 1999, Kotun Ƙoli ta Gana ta yi haka a 2010. Kenya ta warware matsalar mazaɓa da cewa a 2017 fursunoni su zaɓi Shugaban Ƙasa kaɗai, tun da shi ƙasa duka ce mazaɓarsa. Ingila tana hana mafi yawan waɗanda aka yanke wa hukunci muddin suna ciki, amma mai jiran shari'a yana zaɓe, wanda ya fito kuma ƙuri'arsa ta kan komo. Amurka ce ta fi tsanantawa, ko da ya ke ko wace jiha da tsarinta: Maine da Vermont ba su hana kowa ba, wasu jihohi kuwa suna ci gaba da hana mutum bayan ya fito, har an ƙiyasta wajen mutum miliyan 4 ne ba su da ƙuri'a a zaɓen 2024 sabo da laifi. A Filorida sai da jama'a suka kaɗa ƙuri'a a 2018 kafin a buɗe wa mafi yawan waɗanda suka gama hukuncinsu hanya.

MAGANAR 'YAN BINDIGA

Ba za a yi wannan bayani a ƙasar Gobir a tsallake abin da ke zukatan mutane ba. Garuruwa sun tashi, tun 2019 dubban mutane sun ƙetare zuwa jihar Maraɗi, a watan Disamba 2021 an ƙone matafiya cikin mota a wannan yanki, a watan Agusta 2024 kuma an kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi, Allah ya jiƙansa. Wanda ya ga wannan ya ce bai yarda mai hannu a cikinsa ya zaɓa masa Gwamna ba, ba za a ce ya yi wauta ba.

Sai dai a duba a kan wa hanin zai faɗa. Ɗan bindigar da ke daji ba ya zuwa rajista. Wanda hanin zai kama shi ne wanda ke hannu: wanda aka zarga da kai rahoto ba a gama bincikensa ba, ɗan sa-kai da aka tsare bayan wata rigima, makiyayin da aka kwaso cikin samame, manomin da ya kasa biyan tara. Cikinsu akwai mai laifi, akwai wanda ƙiyayyar maƙwabci ta kai. In aka ce kamu kaɗai ya isa ya soke ƙuri'a, to, an miƙa rajistar zaɓe ga duk mai ikon sa a kama mutum. Arewa ta taɓa ganin irin wannan. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950 an ɗaure magoya bayanta da yawa a kotunan En'e a kan taro ba izini ko zagin sarauta, Hajiya Gambo Sawaba kuwa ta shiga gidan yari sau da dama. A yau da sunanta a ke kiran asibiti.

Kada kuma a ce ƙuri'un nan kaɗan ne ba su canja kome. A zaɓen Gwamnan Sakkwato na 2019, bayan an ƙarasa zaɓe a wasu rumfuna ran 23 ga Maris, ƙuri'a 342 ce tsakanin wanda ya ci da wanda ya bi masa, alhali ko wannensu ya haura 511,000. Rumfa ɗaya a Tozai ko Kurawa tana iya ɗaukar wannan adadi. Shi ya sa masu neman a soke sunan wani su kan yi yawa gab da zaɓe, shi ya sa kuma ya kamata hakimi ya tambayi kansa me ya kawo ƙarar yanzu.

AIKIN HAKIMI DA MALAMINSA

Rajistar zaɓe ba ta hannun hakimi, ba shi da ikon ƙara suna ko cire shi. Amma maganarsa tana da nauyi, kalma ɗaya daga zaurensa ta isa ta sa mutum ya zauna gida ranar zaɓe. Sabo da haka in wanda ya fito daga ɗauri ya zo tambaya, a gaya masa sarai cewa yana da ƙuri'a. In yana da rajista tun kafin a ɗaure shi, kada ya sake wata, domin Dokar 2022 ta sa wa mai rajista biyu tara har Naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba, ko duka biyu. In katinsa ya ɓace yana tsare, ya nemi a sake masa wani a ofishin Hukumar Zaɓe na ƙaramar hukuma. In kunya ko tashin garinsu ya sa ya sauya mazauni, ya nemi a mayar da rajistarsa inda ya koma. In kuwa ya cika shekara 18 yana ciki, sabuwar rajista zai yi kamar ko wane saurayi, malamin rajista kuma ba shi da dalilin tambayarsa inda ya ke shekarun baya.

Lokacin da aka liƙa sunaye, wanda Dokar 2022 ta ba kwana 7, kowa yana iya kai ƙorafi ga jami'in Hukumar. Dalilan da a ke saurara su ne irin mutuwa, da rashin cika shekaru, da rajista biyu, da rashin zama ɗan ƙasa. Na ƙarshen nan ya kan taso a mazaɓun kan iyaka, shi ma a yi hattara da shi, domin wanda aka haifa a Nijeriya kuma ɗaya cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, ɗan ƙasa ne ko da rabin danginsa suna Tibiri. In an nemi malamin hakimi ya ba da takardar shaidar zama, ya rubuta abin da aka tambaya, watau sunan mutum da unguwarsa da tsawon zamansa, kada ya ƙara labarin ɗauri.

Dokar zaɓe a kan sake ta lokaci lokaci, lambobin sassanta da kwanakinta su kan canja. Kafin ko wace rajista, malamin hakimi ya je wurin jami'in zaɓe na Isa ko na Sabon Birni ya karɓi kofin dokar da ke aiki da jadawalin kwanaki, ya aika wa dagatai da masu unguwanni na mazaɓu 10 na Isa da 11 na Sabon Birni, har da waɗanda mutanensu su ke zaman hijira a cikin gari.